Arba'in Ɗin Munisa

Shafi na 17

Sallama gare ku, masu haƙuri da masu ƙorafi. Ke da kika rubuto min jiya cewa shagwaɓa ce kawai ke damun Munisa, wai mace ta haifi namiji lafiyayye me kuma take nema, na ga saƙonki, ban kuma goge shi ba. Ki gyara zama. Ku da kuka shigo mana yanzu kuwa: Munisa kelin ce, wato matar ɗa, a gidan Hosiyat da ke wani ƙauye a kwarin Fargana. Mijinta Sanjar yana Rasha yana aikin gini. Ta haifi Ilhom, tana cikin arba'in, ba fita, ba baƙi sai na jiki.

*

Tursunoy-buvi, tsohuwar da ke cire wa mutane kambun ido, ta saki wata doguwar hamma, har sai da haƙoranta na zinare suka bayyana.

"Kai, kai, kai! Hosiyat, idon nan ya yi nauyi. Kin ga yadda yake sa ni hamma?"

'Yar tasa ce a hannunta cike da tokar tanderu, an ɗaure bakinta da farin ƙyalle. Ta dangwala ta a goshin Munisa, ta dangwala a ƙirji, ta koma gadon baya tana tofi.

"Ina ke miki ciwo, 'yata?"

"Babu, buvi."

"Kai?"

"A'a."

"Mara fa?"

"Lafiya lau."

"To me ya ƙarar da ke haka, kin koma kamar karan auduga bayan girbi?"

Munisa ta sunkuyar da kai. Me za ta ce? Abin da ke cinta ba shi da wurin da za a ɗora masa tasa.

Hosiyat, uwar mijin, ta yi caraf ta amsa mata. "Haka take, buvi, ba ta da baki. Tunda ta zo gidan nan maƙwabta ba su san muryarta ba. Ko barci ba ta yi saboda yaron nan, duk sanda na leƙo idonta biyu. Ni dai na yi dacen kelin."

Tsohuwar ta kwance ƙyallen. Tokar ta lotsa a gefe guda.

"Ga shi nan! Ya ci toka, ya fita."

"Na san mai idon," in ji Hosiyat, ta nuna katanga da haɓa. "Dilrabo ce. Rana ɗaya aka sallamo su daga asibiti, ta tsaya tana yaba sumar yaron, ko Masha Allah babu."

Ni dai na ce, toka in ka yi ta bubbuga ta a jikin mutum ai dole ta zauna. Amma wa ya tambaye ni.

Suka fita tsakar gida, suka baje a gadon katako da ke ƙarƙashin inabi. Tursunoy-buvi ba ta barin gida sai ta ga gindin butar shayi.

Ɗakin ya koma shiru. Rana tsaka amma ƙwan lantarki na ci, don ba a kashe wa mai jego fitila sai ta yi arba'in. Ga beshik a gabanta, gadon jariri na katako mai lilo, an ɗaure Ilhom a ciki da faffaɗan ɗamaru biyu, an lulluɓe da mayafi mai kauri. Wuƙa da ɓallin gurasa suna ƙarƙashin matashinsa. An tsare shi daga ido, an tsare shi daga iska. Uwarsa ce dai ba wanda ya san da me za a tsare ta.

Yaron ya motsa, ya fara kuka.

Munisa ta ja gwiwa ta matsa. Ta ɗaga gefen mayafin kaɗan, ta jingina ƙirjinta a sandar beshik ɗin, ta sa masa nono yana ɗaure a inda yake, yadda kowace mace a ƙauyen take yi. Fuskarta kuwa tana wajen dardumar bango.

Daga bayan katanga muryar Dilrabo ta taso, tana yi wa 'yarta waƙar reno, tana yi tana dariya. Tare suka yi goyon ciki, ta kan katangar nan suke miƙa wa juna tuffa mai tsami da gishiri. Yanzu an ce masu arba'in biyu ba sa haɗa ido, na ɗaya zai danne na ɗaya. Munisa ta saurari waƙar har ƙarshe. Ta buɗe baki ta gwada, ko baiti ɗaya bai fito ba.

Wayarta ta yi haske. Sanjar ne.

"Turo min hoton zakina. Ya ƙara ƙiba?"

Ta tura masa wanda Hosiyat ta ɗauka tun makon jiya, ta kife wayar. Kewa ta cika mata ciki, amma in ka tambaye ta kewar wa take yi, wallahi ba ta sani ba.

*

"Oyi, don Allah ya isa! Hayaƙin nan ni zai kashe kafin ya kori aljanin!"

Muryar Feruza ke nan, yayar Sanjar, wadda ke aure a garin Margilan tana sayar da yadi a kasuwa. Tun daga ƙofar gida ake jin zuwanta. Sai da uwarta ta zagaye ta da hayaƙin turare ciki da baya kafin ta bar ta ta nufi ɗakin mai jego.

Ta banko ƙofar tana tari, ƙunshin rumman da sambusa a hannu.

"Ina kelin ɗinmu mai tsada? Zauna, zauna, kar ki tashi min, ni ba uwar miji ba ce."

"Sannu da zuwa, opa," in ji Munisa, wato yaya.

"Ke! Wannan fuskar fa? Ƙanena ya tafi Rasha da naman jikinki ne a jaka?"

Munisa ta yi murmushin da take yi wa kowa. Feruza ba ta maida mata ba. Ta dubi kwanon kunun fulawa da ya huce har ya yi fata. Ta dubi gashin Munisa da ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ɗankwali. Ta dubi igiyar da aka ɗaura a beshik, wadda Munisa ke ja daga nesa tana lila yaron.

Ta ajiye ƙunshin a hankali.

"Kwanto min shi in gani."

"Bismillah, opa, ga shi nan."

"Ke na ce ki kwanto min."

"Oyijon ce take kwance shi," in ji Munisa, tana nufin uwar mijinta. "Ita take masa wanka."

"Na sani. Yau ke za ki kwance."

"Barci yake."

"Idonsa biyu, ina jin motsinsa. Munisa, miƙo min ɗan ƙanena da hannunki."

Munisa ta kai hannu kan ɗamarar farko. Ta ja, ta saki, ta sake kamawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Can ta janye hannun ta cusa shi a ƙarƙashin cinyarta.

Feruza ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna dab da ita.

"Yaushe rabonki da ki ɗauke shi?"

Munisa ta kau da kai wajen dardumar bango.

"Tun asibiti?"

Munisa ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

"Ba kuma wanda ya lura."

"Yana shan nono, opa. Ba na barin shi da yunwa. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa..."

"Na sani. Beshik ai rufin asiri ne. Ki ba shi nono yana ɗaure, ki lila shi da igiya, tsohuwa ta yi wanka ta maido shi. Sai ki yi arba'in cur ba ki rungumi ɗanki ba, ana ta yabonki."

Munisa ta ɗago a firgice. "Wa ya gaya miki?"

"In yana barci kina iya barci?"

"A'a."

"Abinci fa?"

"Kamar ina tauna auduga."

"Kuka?"

"Da farko na yi ta yi, ban san dalili ba. Oyijon ta ce kowace mai jego tana yi, kwana kaɗan ne zai wuce. Bai wuce ba, opa. Hawayen ne kawai suka ƙafe."

Feruza ta zare gyalenta ta ajiye a cinya.

"Da na haifi Zilola, me aka ce miki ya dawo da ni gidan nan na yi wata da watanni?"

"Oyijon ta ce ciwon ƙoda."

"Ƙoda!" Feruza ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ƙodata lafiyarta lau har gobe. A ɗakin nan na zauna, a inda kike zaune. Dardumar nan da kike kallo, na san kowane fure da ke jikinta. An kawo min mai toka, an kawo min mai tofi, an yanka baƙar kaza. Sai da Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ya gaji ya sa ni a mota ya kai ni birnin Fargana wajen wata likita, ba da sanin kowa ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce ciwo ne. Ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ta ce mata da yawa suna yi, kowacce tana zaton ita kaɗai ce muguwar uwa a duniya. Ba hauka ba ne, ba ido ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Ta ba ni magani, na riƙa zuwa muna magana. Ban warke rana ɗaya ba, kar in yi miki ƙarya. Amma yau Zilola ce ke tsefe min kai tana min tsiya wai na yi furfura."

Munisa ta ƙura mata ido. Tunda ta haihu kowa tambayarta yake ina ke ciwo. Yau ga wadda ba ta tambaya ba, ta faɗa.

Sai bakin ya buɗe. Kelin ɗin da maƙwabta ba su san muryarta ba.

"Opa, ba na jin komai. In na kalle shi ba na jin komai. An ce da an ɗora miki shi a ƙirji za ki manta wahalar duniya, na jira, na jira, har yau ina jira. In ya yi kuka ji nake kamar ɗan maƙwabta ne aka bar min ajiya. In na rufe ido sai in ga na ɗauke shi ya suɓuce min a kan matakala, in ga kansa a kan siminti. Shi ya sa ba na ɗauka. Tsoron hannuna nake ji. Wace irin uwa ce wannan? Ko tunkiya ta fi ni, ita tana lasar ɗanta."

"Ci gaba."

"Wani lokaci sai in ce da zai farka ya tarar da wata uwar, da ya huta. Irin Dilrabo. Mai waƙa."

Feruza ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Zan tambaye ki, kar ki ɓoye min. Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?"

Munisa ta dubi hannun da ke riƙe da nata.

"Ban yi niyya ba. Amma babbar magudanar ruwan nan ta bayan gonar auduga tana yawan faɗo min a rai. Ban san me ya sa ba."

"Innalillahi." Feruza ta share fuska da tafin hannu. "To ji nan. Yau a ɗakin nan zan kwana. Gobe da safe zan sa ki a mota, likitar tana nan da ranta."

"Arba'in fa? Ba na fita."

"Arba'in ya jira. Shi ba ya mutuwa."

"Opa, don girman Allah kar ki gaya wa Oyijon. Kar Sanjar ya ji. Za su ce na taɓu. Za su karɓe shi su maida ni gidanmu."

"Ji min yarinya! Yanzu kika ce ba kya jin komai, ga shi jikinki na ɓari don kar a karɓe shi. Wannan ɗin mene ne sunansa?"



Ƙarar kofuna suka ji suna karo da juna a kan faranti.

Ƙofar da Feruza ta tura ashe ba ta kama ba. Hosiyat ce tsaye, farantin shayi a hannu, fuskarta ta yi fari fat.

*

Ta shigo. Ta ajiye farantin a kan akwati. Ta maida ƙofar ta danna ta da bayanta.

"Tun yaushe kike nan, Oyi?" in ji Feruza.

"Rage murya. Tursunoy-buvi tana tsakar gida. In ta ji, kafin la'asar har masu kiwon tumaki sun ji."

"Ta ji mana! Ciwo abin kunya ne?"

"Na ce ki rage murya!" Hosiyat ta juyo kan Munisa, wadda ta miƙe tsaye hannu a ƙirji. "Kelin, abin da kunnena ya ji, bakinki ne ya faɗa?"

"Oyijon, ni..."

"Magudanar ruwa?"

"Oyi, ki bar ta," Feruza ta shiga tsakaninsu. "Ba laifinta ba ne, kin kuma fi kowa sani. Kin gan shi a kaina. Kin ga ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana, kika je kika ɗauko mai toka. Toka, Oyi! Bayan duk abin da muka sha?"

"To me kike so in yi? In kai ta asibitin masu taɓin hankali a san mu a can? Masu neman auren ƙanwarki Nigora za su zo cikin watan nan. Kin san sai sun bi gida gida suna tambaya. A ce musu gidan Hosiyat 'ya ta taɓu, kelin ma ta taɓu? Wa zai ɗauki Nigora?"

"Auren Nigora ya fi ran wannan?"

"Kar ki sa min magana a baki!"

"Ni na warke, Oyi. Ga ni a gabanki. Ban taɓa cutar da Zilola ba, ita ma ba za ta cutar da Ilhom ba. Masu irin ciwon nan tsoro ne ke cinsu, ba mugunta ba."

Hosiyat ta dubi 'yarta.

"Ba ki taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

"Haka Babanki ya ce a gaya miki."

Feruza ta tsaya cak.

"Me kike nufi?"

"Ranar da ƙanƙara ta rufe gari, na dawo daga gidan rasuwa. Na tarar da Zilola a tsakar gida, a kan gadon katakon can, daga ita sai 'yar riga. Leɓenta ya yi shuɗi, kukan ma ya daina fita. Ke kina nan ɗakin kina kallon bango. Na tambaye ki ina yarinya, kika ce kin fitar da ita ta sha iska, kin manta." Muryar Hosiyat ta karye. "A cikin rigata na sa ta, a jikin fatata, ina gudu ina salati har gidan nas. Washegari Babanki ya kai ki Fargana. Ke kin manta. Ni ban manta ba, ba kuma zan manta ba har a binne ni."

Feruza, matar da ake jin muryarta tun daga bakin titi ta nemi bango ta jingina, ta sulale ta zauna.

Kar ku yi saurin zagin Hosiyat. Tsoro ne ya yi mata yawa, tsoro kuwa ba ya shawara da kowa.

Hosiyat ta durƙusa gaban beshik, ta yaye mayafin gaba ɗaya. Hannunta ko gezau. Ta kwance ɗamarar farko, ta kwance ta biyu, ta ɗago Ilhom ta naɗe shi a bargo. Yaron ya yi miƙa, ya buɗe ido.

Munisa ta ga fuskarsa. Ashe ya yi kumatu. Ashe girarsa irin ta babanta ce.

"Daga yau a ɗakina zai kwana," in ji Hosiyat. "Akwai madarar gwangwani a kanti. Zan kira mahaifiyarki ta zo ta tafi da ke ki huta. Za mu ce ƙoda ce."

"Oyi, kar ki yi haka," Feruza ta faɗa daga ƙasa, muryarta a dishe. "In kika raba su kin ƙarasa ta. A zauna da ita ne, a kai ta likita, ba a ƙwace mata ɗa ba. Munisa, yi magana! Ki yi magana mana!"

Hosiyat ta kai bakin ƙofa ta buɗe. Sai ta tsaya, ta juyo. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta.

"Kelin, ni ba azzaluma ba ce. Ga shi." Ta miƙo yaron da hannu biyu. "Zo ki karɓe shi. Ki ɗauke shi a gabana ki rungume, in gani da idona, wallahi in bar miki abinki."

Taku kaɗan ne tsakaninsu.

Munisa ta ɗaga ƙafa. Ta miƙa hannuwa. Suka hau rawa, rawa, har yatsun na karo da juna. Bayan Hosiyat ƙofa a buɗe take, ga matakalar siminti tana kallonta.

"Karɓi, Munisa," in ji Feruza. "Ina bayanki. Karɓi!"

Ta kai yatsa ta taɓa bargon. Ɗumin jikinsa ya ratso ta.

Hannuwan suka faɗi.

Hosiyat ta maida yaron ƙirjinta, ta juya ta fita. Ilhom ya tsala kuka. Kukan ya sauka matakala, ya bi ta ƙarƙashin inabi, ya shige ɗakin da ke can ƙarshen gida, aka rufe ƙofa.

Munisa na tsaye a inda aka bar ta. Ta ji sanyi a ƙirji, ta duba.

Nono ne ya kawo, ya jiƙe mata gaban riga sharkaf, yana ɗiga a kan ƙafarta.